Uwar Kaji da Buhunan Kafinta

Idan ka shigo layinmu ka tambayi gidan tsohon direban tanka, sai an yi ta kallon juna kafin a tuna ko wa kake nufi. Amma ka ce gidan Uwar Kaji, nan take za a nuna maka ƙofar kwano mai shuɗin fenti, a kuma gargaɗe ka da ka kakkaɓe takalmanka tun daga waje. Mace ce gajeriya mai faɗin kafaɗa, muryarta ta fi jikinta girma. Ba ta iya tauna magana ba, ba ta kuma iya mantuwa ba. Wannan na biyun shi ne abin da ya kamata ƙanin mijinta ya sani tun da wuri.

Kiwon kaji ba gadonsa ta yi ba. Ciwon baya ne ya sauko da maigidanta daga kan mota ya zaunar da shi a gida, ga yara, ga makaranta, ga tukunya tana jira. Sai ta share wani lungu a bayan gida, tsakanin bangon banɗaki da katanga, ta sa aka rufa mata kwano aka kewaye da waya, ta sayo 'yan tsakin turawa na nama a cikin kwali. Irin fararen nan da ba su san komai ba sai ci da kwanciya, kafin wata biyu sun isa yanka. Zubin farko sanyi ya kashe mata kusan rabi, domin a lokacin ba ta san cewa idan 'yan tsaki suka cunkushe a kusurwa suna kuka ɗumi suke nema ba. Ta binne su tana share hawaye da bakin zani, ta rantse ba za a ƙara ba. Ba a kuwa ƙara ba, shekara da shekaru.

Kajin nan ba su da juriya ko kaɗan. Zafi ya kashe su, sanyi ya kashe su, ƙiba ma ta kan karya musu ƙafa. Uwar Kaji ta san su ciki da waje. Da safe, kafin ta gaida mijinta, sai ta je ta tsuguna a kan kashin kaji, ta duba ko ya yi ruwa, ko ya yi fari, ko da ɗigon ja a ciki.

Maigidan ya kan ce, "Ni a gidan nan bayan kashi nake a layi."

Ta kan ce, "Kai ai idan ba ka da lafiya da bakinka za ka faɗa, har ka ƙara gishiri."

Idan rana ta take, sai ta ɗauke musu abinci ta bar ruwa mai sanyi, don kaza mai cikakken ciki idan zafi ya kama ta, haki kaɗan za ta yi ta kife. Buhun abinci ba ya taɓa ƙasa a gidanta, ba ya jingina da bango. A kan katako yake zama, kuma duk wanda za ta buɗe sai ta cusa hannu har gwiwa, ta ɗebo na ƙasa ta shinshina. Ranar rigakafi ko ana ruwan sama ba ta tsallakewa. A ƙofar ɗakin kajin akwai tsohuwar roba da ruwan magani, duk mai shiga sai ya tsoma takalmi, ko ɗan wane ne. Akwai wani mai mota da ya zo sayen kaji ya ce takalminsa na fata ne, ba ya shan ruwa. Ta ce to ya koma da shi gida ya soya.

Da haka ta yi suna. Daga layuka na nesa mata da maza kan zo da kaza a hannu su tsaya a ƙofarta, don ba ta yarda a shigo mata da marar lafiya. A waje za ta karɓa, ta buɗe bakin kazar, ta ɗaga fiffike, ta leƙa gindi, ta faɗi abin da ya samu, wanda ya fi ƙarfinta ta ce a kai wa likitan dabbobi. Ba ta karɓar ko kwabo. Abin da take so kawai ta ji ana cewa, "Ku je wurin Uwar Kaji, ita kaji ba sa mutuwa a hannunta." Wannan maganar ita ce gwal ɗinta, ita ce atamfarta.

To, maigidanta yana da ƙane, kafinta ne, shagonsa yana bakin titi, da dogon benci a gaba inda mazan layin ke zama da yamma suna gyara duniya da baki. Tsakaninsa da Uwar Kaji sai zolaya. Ya kira ta matar Yaya, ta kira shi mai ƙusa a baki. Shi ke kawo mata dusar katako da take shimfiɗa wa kajin, buhu-buhu, kyauta. Matarsa kuwa, Maman Biyu, shiru-shiru ce, mai ɗinki a gida. Tun da aka kawo ta Uwar Kaji ta riƙe ta kamar ƙanwar da suka fito ciki ɗaya, ita ma ba ta kiranta da komai sai Yaya.

Wata shekara a farkon damina Kafinta ya kawo buhuna kamar kullum, ya jibge a bakin ƙofa ya juya, ko ruwa bai tsaya sha ba. Matar da ke shinshina kowane buhun abinci ba ta shinshina waɗannan ba. Wa ke binciken kayan ɗan'uwa? Ta zazzage, ta baje, ta zuba sababbin 'yan tsaki a kai.

Sun fara tasawa ke nan, gashi ya fara rufe musu baya, wata safiya ta tsuguna ta ga ja. Ba ɗigo ba, jini sosai. Ta ɗaga kai ta ga kaji sun takure, fuka-fukai a sake, idanu a lumshe, abinci yana nan yadda ta zuba. Ta ba da magani, ta kira likita, ya zo ya yi iya ƙoƙarinsa, ya tambaye ta ko wani baƙo ya shiga, ko ta kawo kaza daga waje. Babu. Haka suka riƙa zubewa, yau a kwashe, gobe a kwashe, har ramin da ta haƙa a bayan katanga ya cika ta haƙa wani. Daga ƙarshe ɗakin ya yi tsit, sai ƙudaje.

Ta rasa ci, ta rasa sukuni. Ta bi komai ɗaya bayan ɗaya: ruwa, abinci, mazubai, takalma. Ba ta ga inda ta yi kuskure ba. Sai ranar da take share wurin idonta ya faɗa kan buhun dusa guda da ya rage ba a buɗe ba. Ta kwance, ta zazzage a tsakar gida. Na sama fari ne tas, sabo. Na ƙasa ya yi duhu, ga busasshen kashin kaji dunƙule-dunƙule, ga ɗan farin gashi maƙale. Ta kai hanci. Wannan dusar, wasu kaji sun riga sun kwanta a kanta, sun kuma yi ciwo a kanta.

Ta aika aka kira mata Maman Biyu, ta nuna mata. Yarinyar ta duba, sai ta fashe da kuka. Ta ce lallai mijinta ya gwada kiwo a ɓoye a bayan shago, don yana so ya ba kowa mamaki, kajin suka mutu da zawon jini, ya rantsar da ita kada ta faɗa wa kowa. "Wallahi Yaya ban san ya kawo miki dusarsu ba. Na dai ga ya shanya ta a rana." Ashe a wannan makon, aiki ya yi ƙaranci a shago, sabuwar dusa ba ta cika buhunan ba, shi ne ya cike da tsohuwa don kada a ce ya gaza.

Uwar Kaji ta ƙulle gashin da kashin a leda, ta yafa mayafi, ta nufi shago. Benci cike yake. Ta kwance ledar a kan teburin aikinsa ta ce, "Wannan daga buhunka ya fito."

Da a ce ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri, da ta zage shi tas, ta yi gaba da shi wata ɗaya, magana ta wuce. Amma mutumin nan sai ya cire ƙusa daga bakinsa ya kwashe da dariya.

"Jama'a, ku ji abin al'ajabi! An tsinci gashin kaza a gidan kaji!" Ya juyo ya dube ta. "Matar Yaya, tsufa ne ya zo. Hanci ya toshe, ido ya yi hazo, ƙazanta ta taru ba a gani. Ki huta haka nan, ba kunya ba ce."

Benci ya ɗauka da dariya. Har da wanda ta ceto masa kaji sau biyu, har da buga cinya. Ta tsaya ta dube su ɗaya-ɗaya, ta ƙulle ledarta, ta juya. Ba ta ambaci sunan Maman Biyu ba, don kada ya huce a kanta.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama layi: Uwar Kaji ta kashe kajinta da ƙazanta, ta je tana laƙa wa bawan Allah. Masu tsayawa a ƙofarta da kaza a hannu suka ɗauke ƙafa. Wata da ta koya wa kiwo da hannunta ta haɗu da ita a hanya har tana ba ta shawara, wai ta riƙa wanke mazubin ruwa. Ita! Ranar ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta yi kukan baƙin ciki.

Maigidan ya ce, "Ki bar shi da Allah, jinina ne."

Ta ce, "Kajin na yafe, suna cikin rami. Dariyar ce ban yafe ba. A kan bencin nan ya tozarta ni, a gaban bencin nan zai wanke ni da bakinsa, ko da shekara goma za a yi."

Ta ƙone tsohuwar dusa, ta wanke ɗakin da magani har sama, ta bar shi ya sha iska ya sha rana, ta riƙa sayo dusa daga wani shago can ƙarshen gari, ta sake zubi. Kajinta suka yi kyau kamar da, amma ba mai zuwa ya gani. Idan ta haɗu da Kafinta sai ta gaishe shi da fara'a har da tambayar aiki. Shi kuwa sakaran ya ɗauka ta manta.

Damina biyu bayan haka ya gina babban ɗakin kaji a gidansa, wannan karon a fili, ya zuba 'yan tsaki fiye da yadda ita ta taɓa zubawa. Maman Biyu ta sayar da keken ɗinkinta ta sa kuɗin a ciki. A kan benci aka ji shi yana cewa kiwon kaji ai ba karatun likita ba ne, abin da mace ta yi a lungun banɗaki shi zai yi ninkinsa.

Wata rana ɗaya daga cikin tagwayen Maman Biyu ya yi zazzaɓi, Uwar Kaji ta je dubiya. Tana bi ta lungun da ke kai wa tsakar gida sai hancinta ya kama wani wari, tsami-tsami, irin na jiƙaƙƙen tsumma da aka manta a bokiti. Ta waiga. Buhunan abincin kaji ne jibge a kan siminti tsirara, jingine da bangon da ruwan sama ke duka, bangon har ya yi baƙi. Ya saro da yawa lokaci guda don ya samu sauƙi. Ta leƙa ɗakin kajin ta waya. Suna tsattsagar abinci suna zubarwa, gashi a hargitse, wasu manya wasu kamar ba rana ɗaya aka kawo su ba. Ba ta buƙatar a faɗa mata, abincin ya yi fumfuna.

Maman Biyu ta kawo mata ruwa tana murmushi. "Yaya, ya kika gan su?"

Ta shanye ruwan, ta ajiye kofin. "Tubarkalla," ta ce.

A hanyar gida wani sanyin daɗi ya riƙa ratsa ƙirjinta, ba za ta ɓoye ba. Ta daɗe tana jiran wannan rana, ga ta kuma ta zo da ƙafarta, ba ta ɗaga ko yatsa ba.

Ba a daɗe ba mutuwa ta fara. Kafinta ya ɗauka cuta ce, ya shiga sayo magunguna. Ruwan kajin yau rawaya, gobe ja, jibi ruwan hoda. Bai kira likita ba, don kada labari ya fita, halinsa ke nan. Kullum safe da yamma ya ɗebo daga buhun nan ya cika musu mazubai, yana roƙonsu su ci su samu ƙarfi. Labarin da yake ɓoyewa kuwa wari ya fitar da shi.

Maman Biyu ce ta zo, idanu jawur, ta durƙusa a tsakar gida. "Yaya, don Allah ki zo ki duba mana. Suna ƙarewa."

"Tashi, ba ke za ki durƙusa ba. Na san abin da ke kashe su, kuma maganinsa ba shi da wuya. Ki faɗa wa mijinki ya tsaya a ƙofar shagonsa, benci a cike, ya faɗi abin da ya sa a buhunan da ya kawo mini. Yana rufe baki ina gidanku."

"Yaya, kin san halinsa..."

"Shi ma yanzu zai san nawa."

Kafinta ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai yi ba. Ya ƙaro magani. Maigidan Uwar Kaji ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce wannan mugunta ce, kajin me suka yi mata? Nan ne ya taɓa inda ke mata ciwo. Matar da ta kan yi wa ɗan tsako ɗaya jinya a cikin kwali kusa da gadonta, yanzu ta san fararen bayin Allah suna can suna cin guba, kuma kalma ɗaya daga bakinta za ta tsayar. Sau biyu ta yafa mayafi ta kai bakin ƙofa, sai ta tuna buga cinyar nan, ta dawo ta rataye. Ta cije.

Da kajin suka ragu saura abin da bai kai kwata ba, wata yamma aka zo aka ce Kafinta yana kiranta a shago. Ta yi wanka, ta sa tufafinta masu kyau, ta taka a hankali. Benci a cike, har da na tsaye. Ya rame, gemu ya yi buzu-buzu, yana murza ƙusa a hannu. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Ka ɗaga murya. Ka san tsufa ya zo mini, kunne ya toshe."

Ya ɗaga murya. "Dusar da na kai mata, na haɗa da wadda kajina suka mutu a kai. Na sani lokacin da na haɗa. Na sani lokacin da ta zo nan. Ba ƙazantarta ba ce, ni ne."

Ta juya ta dubi bencin, ɗaya-ɗaya kamar wancan karon, sai da kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Sa'an nan ta ce, "Ba ni wuƙa, ku biyo ni."

Ta wuce gaba, suna biye, har lungun gidansa. Ta ja buhu ɗaya daga jikin bango, ta farke shi ta ƙasa. Abinci ya zubo curi-curi, kore da baƙi, wari ya turnuƙe har wasu suka toshe hanci.

"Ba cuta ba ce. Kai kake ba su ajalinsu da hannunka, safe da yamma. Ka ƙone wannan duka, kada ka ba ko akuya. Ka wanke mazubai, ka sayo sabon abinci kaɗan-kaɗan, ka ɗora a kan katako, tunda katako dai ba ka rasa ba. Ka daina ɗura musu magani, ruwa mai tsabta ya ishe su. Gobe ka kira likita ya duba na raye." Ta miƙa masa wuƙarsa. "Sannu, mai ƙusa a baki."

Ta fito kanta a sama, jikinta sakayau kamar an sauke mata buhu. Har ta kai bakin ƙofa sai ta ji taku a bayanta. Maman Biyu ce, ba ta kuka, hannunta riƙe da ƙyauren.

"Yaya, ranar da kika zo duba yaro, kika ce tubarkalla. Kin ji warin?"

Uwar Kaji ba ta iya ƙarya ba. "Na ji."

"A lokacin ko ɗaya bai mutu ba."

"Haka ne."

"Shi ya yi miki dariya. Ni kuwa na karya rantsuwa na faɗa miki gaskiya. Kika sha ruwana, kika dubi idona, kika tafi. Kekena ne a cikin ramin can, Yaya, ba nasa ba."

Duk tsawon jiran nan fuskar Kafinta kaɗai Uwar Kaji take gani, ba ta taɓa tsayawa ta tuna da wa ya haɗa jarin ba. Maman Biyu ta tura ƙyauren a hankali har ya rufe.

Sunanta ya dawo, har ya fi da. Yanzu ma idan ka bi ta layin da safe za ka ga mutane tsaye a ƙofar shuɗin fentin, kowa da kaza a hammata. Idan aka tambaye ta ko ta yi nadama sai ta harari mutum ta ce ko gobe aka sake za ta sake, kuma na yarda da ita. Ta sayi sabon keken ɗinki ta aika gidan Kafinta, kafin yamma aka dawo mata da shi a cikin kwalinsa, yana nan a bayan ƙofar ɗakinta. Maman Biyu ba ta yi gaba da ita ba. Duk inda suka haɗu takan rusuna cikin ladabi ta ce, "Ina kwana, Uwar Kaji," kamar yadda kowa a layin ke faɗa, ta wuce abinta.